Kyamarar Da Ta Koya Mana Sallama

A wannan wata muna neman izininku mu ɗan jingine maganar makaranta da jarrabawar yara wadda muka saba kawo muku, mu ba ku labarin wata 'yar na'ura da ta shigo hannunmu, da daɗin da muka ji a kanta, da kuma wuyar da ta jawo mana. Mun san wani zai ce ina ruwan malamin makaranta da kyamara, alhali kuwa yau babu yaron da za ka tare a Nima ko Maamobi wanda ba shi da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. Gaskiya ne. To amma a yi haƙuri a biyo mu, sannu ba ta hana zuwa.

A watan Disamba na 2021 ne ƙanenmu da ke aiki a Hambug ta ƙasar Jamus ya zo gida bayan shekara shida bai taka Ankara ba, Ankara tamu ta Ghana muke nufi, ba ta Turkiyya ba. Da aka gama rabon tsaraba, mata sun karɓi turare da mayafai, yara sun karɓi takalma, sai ya jawo mu gefe ya miƙo mana wani abu naɗe cikin tawul. Ya ce, "Yaya, tun muna yara kai ne mai tsayawa bakin shagon mai hoto har a zo a kore ka. Wannan na saye ta hannu na biyu wajen wani tsoho da idonsa ya daina gani sosai. Ka riƙe." Muka warware tawul, sai ga baƙar kyamara ƙarama, tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba, amma da nauyi kamar dutsen guga. Fentin gefunanta ya goge saboda yawan riƙo har farin ƙarfen tagullar da ke ciki ya leƙo. Sunanta Leica M9.

Da yara suka karɓa suka jujjuya, sai dariya. Ba ta ɗaukar bidiyo. Ba ta da fitilar walƙiya a jikinta. Ba ta jawo abin da ke nesa ya matso kusa. Ba ta daidaita hoto da kanta, sai kai ka murɗa da hannunka. Ɗan allon da ke bayanta ma ba ya nuna maka komai sai bayan ka ɗauka. In kana son cire batir ko katin ajiya, sai ka kwance gindinta gaba ɗaya kamar mai buɗe gwangwani. Babban ɗanmu ya ce, "Baba, Kawu dai ya kawo maka tsohuwar mota mai tashi da turi." Mu ma a zuci mun ɗan yarda da shi, domin a makon farko mun ɗauki hotuna sun fi ɗari biyu, kuma in ka cire goma, sauran duk dishi-dishi suka fito, kamar an kalli mutane ta cikin ruwan koko.

Da yake koyarwa ce sana'armu, tun da muka fito Kwalejin Horon Malamai ta Bagabaga a Tamale lissafi da kimiyya muke koya wa yara, sai muka ce abin kunya ne ƙarfe ya gagare mu. Muka zauna muka yi mata karatun ta-natsu. Ga abin da muka gano, kuma mai karatu zai iya gwadawa yanzu inda yake zaune. Miƙe hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe idon hagu ka dube shi, sannan ka rufe na dama ka buɗe na hagu. Za ka ga yatsan ya yi tsalle daga wuri zuwa wuri. In ka matso da shi kusa da hanci tsallen ya ƙaru, in ka nisanta shi ya ragu. Da wannan bambanci na ido biyu ne ƙwaƙwalwar ɗan Adam take sanin nisan abu. To ita ma wannan kyamara haka aka gina ta. Tana da tagogi biyu na awo a goshinta, tsakaninsu kusan santimita 7. In ka leƙa, za ka ga wani ɗan fili mai haske a tsakiya, inda abin da kake kallo ya rabu biyu, kamar mutum da inuwarsa. Sai ka riƙa murɗa zoben gilashin gaba a hankali har siffofin nan biyu su hau kan juna su zama ɗaya. Da zarar sun haɗe, ka auna nisan ke nan, hoto zai fito tangaran. Shi ya sa ake kiran irinta kyamara mai auna nisa. Harafin M da ke cikin sunanta ma daga kalmar Jamusanci ta wannan ma'auni aka ɗauko shi. Ranar da muka fahimci haka muka kai ta aji, muka zana alwatika a allo, yara suka yi layi suna leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Ba mu taɓa ganin sun kama darasin kusurwa da sauri kamar ranar ba.

Asalinta kuwa yana da nisa. Wani injiniya mai suna Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Ernst Leitz a garin Wetzlar na Jamus, shi ya ƙera ta farko wajen 1914. Mutum ne mai ciwon asma, ɗaukar manyan akwatunan hoto na wancan zamani yana wahalar da shi, sai ya nemi ƙarama wadda za ta yi aiki da fim ɗin silima. Aka fara sayar da ita a 1925, aka saka mata ma'aunin nisa a jiki a 1932, sannan a 1954 aka fito da M3, wadda ita ce kakar duk masu wannan harafi. Da zamanin dijital ya zo, ba Jamusawa ne suka fara ba: kamfanin Epson na Japan ne ya fito da R-D1 a 2004, kyamarar dijital ta farko mai auna nisa. Leica ta biyo da M8 a 2006, sannan tamu M9 ranar 9 ga watan 9 na 2009, mai ɗigo miliyan 18, farantin karɓar haskenta daidai girman fim ɗin da Barnack ya zaɓa, milimita 24 da 36. Sabuwarta a lokacin kusan dala 7,000 ce a Amurka. Da muka ji wannan kuɗi sai da muka ajiye ta a kan katifa a hankali, muka koma gefe muna kallonta. Bayanta an yi M10 a 2017 da M11 a 2022, amma har yau murɗawar nan da hannu ba ta canja ba.

Da hannu ya fara faɗawa, sai muka ce bari mu fita da ita inda rayuwa take. Ina kuwa ya fi Kasuwar Malam Atta? Can mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta yi shekaru tana sayen kayan miya, can muka yi dakon kwandonta muna yara, tun ana yawan kiran unguwar Lagos Town kafin sunan New Town ya rinjaya. Ranar wata Asabar da hantsi, lokacin hazon hunturu, muka taka daga Maamobi muka shiga ta wajen masu doya. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli hasken kasuwar nan ba ya yi asara. Rana tana ratsowa ta tsakanin kwanon rufi da manyan laimomi, ta sauka layi-layi a kan tumatir da attarugu, ta haska ƙurar da ke tashi daga buhunan gero, ta bar fuskokin mata cikin inuwa mai sanyi. Ga jar albasa tuli, wadda manyan motoci ke kawowa tun daga Nijar, ga busasshen kifi, ga kanwa da daddawa, ga 'yan mata kayayo daga Arewa suna ratsa jama'a da manyan tasoshi a ka ba sa taɓa kowa.

Muka hango wata dattijuwa mai albasa, ƙawar mahaifiyarmu ce tun da can, tana zaune tana ware manya da ƙanana, haske ya sauka daidai kan hannayenta. Zuciya ta ce ga hoto. Muka laɓe bayan wata rumfa, muka ɗaga kyamara, muka shiga murɗa zobe. Da waya ce da tuni an gama ba ta sani ba. Amma wannan sai da ta ɗauke mu daƙiƙa biyar ko shida muna neman haɗa siffa biyu, kafin nan Hajiya ta ɗago kai ta gan mu sarai.

Ta ce, "Kai Ticha! Zo nan."

Muka matso jiki a sanyaye, muka durƙusa muka ce, "Mma, ina kwana."

Ta ce, "Sai yanzu ka ga damar gaisuwa? Uwarka ba ta taɓa wuce rumfar nan ba ta yi sallama ba. Kai kuma ka zo ka laɓe kamar mai harbin zabo. Wa ya aiko ka? Turawa za ka kai wa?"

Muka rantse mata ba wanda ya aiko mu. Ta ce, "To zauna in gaya maka. Shekara arba'in ina wurin nan. Masu kyamara sun zo sun fi a ƙirga, da farare da baƙaƙe, da dogayen kyamarori kamar bindiga. Daga nesa suke tsayawa. Ba sa ɗaukar komai sai kwata da bola da yaron da bai sa wando ba. Su tafi su nuna wa duniya su ce ga Zango. Ko ɗaya bai taɓa dawowa ya ce, Hajiya ga hotonki ba. In kai ma irinsu ne, tashi ka ba ni wuri."

Wallahi jama'a, mun sha faɗa wajen shugabannin makaranta da masu duba malamai, amma ba wanda ya taɓa shiga jikinmu kamar wannan. Domin gaskiya ta faɗa. Duk wanda ya nemi hotunan Nima a intanet ya san abin da zai fara gani: babbar kwata, da cunkoso, da kwanon rufi mai tsatsa. Ba ƙarya ba ne, akwai su. Amma ina alkunya da tsabtar tsakar gida, ina dattawa a kan buzu bayan la'asar, ina yara da allunansu, ina kwalliyar Sallah? Wanda ya tsaya nesa ba zai gan su ba. Ranar ba mu ɗauki hoto ko ɗaya ba. Muka zauna muka taya ta ware albasa, muka sha labarin mahaifiyarmu, muka yi sayayya muka koma gida.

Asabar ta gaba muka dawo, muka yi sallama, muka gaisa, muka tambayi jikoki da ciwon gwiwa. Sai a Asabar ta uku ita da kanta ta ce, "Ina abin naka? Ɗauka mana, amma bari in gyara ɗankwali." Ta gyara, ta zauna daram, ta dube mu ido cikin ido. Muka tsaya kamar taku biyu daga gare ta, muka haɗa siffa biyu a kan ƙwayar idonta, muka danna. Bayan kwana huɗu muka kai aka wanke shi babba, muka sa a firam muka kawo mata. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ashe haka na tsufa. Amma ka fito da ni mutum." Ta kira maƙwabtanta na rumfa su zo su gani. Daga ranar ƙofar kasuwa ta buɗe mana: mai nama, mai niƙa, mai goro, tela, kowa sai ya ce, "Ticha, yaushe ne nawa?"

A nan ne muka gane cewa abin da yara suka ɗauka kasawa ce a jikin kyamarar, shi ne albarkarta. Ba ta iya satar hoto daga nesa. Gilashin da ke kanta mai milimita 35 ne, in kana son fuskar mutum ta fito sosai a hoto dole ka matso mita ɗaya ko biyu, wato daidai nisan da ake tsayawa a gaisa. Ba kuma ta yarda ka matsa fiye da santimita 70, nan ma'auninta ya tsaya, kamar dai tana cewa kada ka shige wa mutum hanci. Sannan tagar leƙenta a gefe take, ba a tsakiya ba. In ka sa idon dama, rabin fuskarka yana waje, idonka na hagu a buɗe, wanda kake ɗauka yana ganin ka kana murmushi ko kana jin kunya, kuna ci gaba da hira. Manyan kyamarori rufe fuskar mai su suke yi ɗungum, mutum ya ga baƙin ƙarfe kawai yana kallonsa. Shahararren mai hoton nan na Faransa, Henri Cartier-Bresson, wanda ya yi rayuwarsa da Leica, yakan liƙe wuraren da ke ƙyalli a jikinta da baƙin tef don kada a lura da shi a titi. Wannan dabara ta Faris ce. A Zango ba a ɓuya, kowa ya san ɗan gidan wa ne kai, kuma wanda ya shigo ba sallama ɓarawo ne ko da bai ɗauki komai ba.

Daɗin aikin kuwa, ta ina za mu fara? Akwai daɗin hannu. Zoben yana juyawa sumul, ba sako-sako ba tauri, har yatsa ya haddace inda mita biyu take da inda mita biyar take, kamar yadda tela ya san inci ba tare da ya duba tef ba. Akwai daɗin ido. Cikin tagar akwai wasu fararen layuka masu nuna iyakar hoto, amma kana ganin abin da ke wajensu ma. Saboda haka kana hango yarinya kayayo tun kafin ta shigo, ka san taku uku ya rage ta iso inda hasken yake, ka riƙe numfashi, ta shigo, ka danna. Kuma a daidai lokacin dannawar tagar ba ta yin duhu kamar ta kyamarori masu madubi a ciki, kana kallon abin da ka kama a sa'ad da ka kama shi. In ya kuɓuce, kai ka kuɓutar. In ya samu, kai ka samu, ba wata na'ura da ta yanke maka shawara. Mun koyi wata dabara ta tsofaffin masu hoto: in rana ta yi ƙarfi, sai mu tsuke ƙofar haske zuwa lamba 8, mu ajiye zoben nisa a mita 3, to duk abin da ke tsakanin mita 2 da 7 zai fito sarai ba sai an sake murɗawa ba. Da wannan muka ɗauki hawan Sallah a babban titin Nima, dawakai da masu kalangu da 'yan mata cikin anko, ba mu rasa ko ɗaya daga waɗanda muka nufa ba.

Akwai kuma daɗin natsuwa, wanda shi ya fi mana duka. Malamin makaranta yana wuni cikin hayaniya, yara sittin a aji, rajista, jan biro, iyaye masu ƙorafi. Amma in muka sa ido a tagar nan muna neman haɗa siffa biyu, komai sai ya yi tsit. Da waya mukan ɗauki hoto talatin a minti ɗaya mu manta da su. Da wannan mukan yi yawon awa uku mu dawo da goma sha biyu, kuma kowane ɗaya mun san sunan mai shi da abin da muka tattauna.

Kada mai karatu ya ɗauka ba mu sha kunya ba. Da yake ba ta cikin gilashin gaba ake leƙawa ba, mutum yana iya barin murfi a rufe bai sani ba, tagar tana nuna masa komai lafiya lau. A wani taron suna a Maamobi mun jera dattawa, mun ce kowa ya gyara hula, mun danna har sau uku cikin isa, sai wani yaro ɗan shekara bakwai ya ja mana riga ya ce, "Ticha, ba ka buɗe mata ido ba." Har yau in muka wuce majalisar masu shan ataya a layin, sai wani ya ɗaga murya ya ce a buɗe mata ido. Ban da haka, tsohuwa ce, ba ta son duhu, bayan magariba sai a lallaɓa. In kuma aka matso kusa sosai, abin da taga ta nuna da abin da gilashi ya ɗauka sukan ɗan saɓa, mun yanke wa mutane tsinin hula ba sau ɗaya ba.

Mun kuma je wajen malaminmu na makarantar dare muka tambaye shi hukuncin abin da muke yi, don mun san malamai sun yi saɓani a kan hoto. Ya yi mana bayanin ɓangarorin, sannan ya ja kunnenmu a kan amana. Daga nan muka ɗaura wa kanmu sharuɗɗa huɗu. Ba ma ɗaukar kowa sai da izninsa. Ba ma ɗaukar mutum cikin halin da ba zai so a gan shi ba. Ba ma sa hoton kowa a Facebook sai ya ce a sa. Kuma duk wanda muka ɗauka, sai mun wanke mun kai masa nasa a hannu.

To, ana nan sai jarrabawa ta zo. A farkon 2023 mai gidan da muke haya ya ce wa'adi ya cika, yana son kuɗin shekara biyu a dunƙule, kuma ya ƙara farashi. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida gaba, amma duk mai haya a Ankara ya san inda dokar take tsayawa. Kaya sun yi tsada, sidi ya faɗi, albashi bai motsa ba. Uwargida ta dube mu da dare ta ce, "Malam, ban hana ka abin da kake so ba. Amma hoto ba ya biyan haya, kuma yaran nan ba za su kwana cikin kyamara ba." Ba mu da amsa, don ta fi mu gaskiya. Muka naɗe ta cikin tawul ɗin da ta zo da shi, muka hau trotro zuwa Circle. Wani mai sayar da kyamarori ya jujjuya ta, ya buga waya, ya faɗi kuɗin da zai biya hayar har a sami canji. Muka ce ya ba mu mako guda mu yi shawara da wanda ya ba mu ita.

Cikin makon nan ne Allah ya yi wa Hajiya mai albasa rasuwa. Bayan addu'ar uku babban ɗanta ya zo har makaranta ya same mu. Ya ce, "Malam, hoton nan da ka yi wa Mma shi kaɗai ne muke da shi na kirki. Sauran suna cikin wayar da ta faɗa ruwa, sai na katin zaɓe. 'Yan'uwana na Kumasi da Legas da Niyok kowa yana so. Ko za a samu guda tara?" Muka wanke tara muka kai. Muka tarar an jingine na farkon a kan kujerarta, jikoki suna zagaye da shi.

Da muka dawo gida muka buɗe akwatin mahaifinmu muka ciro hotonsa. Guda ɗaya ne tak, ɗan ƙarami na fasfo, wanda masu akwatin katako da baƙin ƙyalle suka ɗauka, hatimi ya cinye rabin kafaɗarsa. Kakanmu kuwa ko wannan babu. A watan Nuwamba na 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, rabin gidanmu suka kwashe suka nufi Sakkwato, akwatin da hotunan ke ciki ya tafi tare da su, bai kuma isa ba. Mu jama'ar Zango mutanen tafiya ne, kullum ana ƙaura, ana rushe gida a yi titi, ana ambaliya, ana gobara. Abin da ba a ajiye da gangan ba ya tafi ke nan. Dubi James Barnor, ɗan Ankara da aka haifa a 1929, wanda ya buɗe shagon Ever Young a Jamestown ya kuma yi wa jaridar Daily Graphic aiki. Ya adana fina-finansa shekara da shekaru ba wanda ya damu da su, daga baya aka fara baje su, har bayan ya haura shekara 90 aka kai su zauren Serpentine na Landan a 2021, duniya ta ga yadda Ghana take a lokacin samun 'yanci. Dubi Felicia Abban, mace ta farko da ta yi sana'ar hoto a ƙasar nan, wadda ta ɗauki Kwame Nkrumah, aka kuma nuna aikinta a Banis ta Italiya a 2019. Mutanen Jamestown sun sami masu riƙe musu fuskokin iyayensu. Mu wa zai riƙe mana namu, in ba mu ba?

Ba mu koma Circle ba. Kada kuma a ce mun yi wata bajinta. Hayar dai sai da aka biya: uwargida ta kwashe adashinta, muka ci bashi a asusun malamai, muka shekara muna koyar da darasin yamma har ƙarfe shida, nama ya yi wuyar gani a tukunya. Ita ta ɗauki rabin nauyin abin da mu muke jin daɗinsa, kuma har gobe in maganar ta taso takan ce ba ta ga ranar da kyamara ta sayo buhun shinkafa ba. Ba mu musa mata. Abin da kawai muka iya yi shi ne muka zaunar da ita da mahaifiyarta a tsakar gida wata safiya, muka ɗauke su tare. Wannan hoton yana rataye a ɗakinta, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa shi.

Yanzu muna da kundi uku na mutanen Kasuwar Malam Atta da Nima da Maamobi. A bayan kowane hoto mun rubuta sunan mai shi, da sana'arsa, da garin da iyayensa suka fito, da ranar da aka ɗauka. Mutum bakwai daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wata rana batirin kyamarar zai mutu a rasa irinsa, ko idonmu ya gaza haɗa siffa biyu kamar na tsohon da ya sayar da ita. Takardun dai za su saura in Allah ya so.

Kiranmu ga matasa ba shi ne su je su nemi Leica ba, kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu, mu ma kyauta muka samu. Wayar da ke hannunku ta isa. Amma ku yi aiki da ita yadda tsohuwar nan ta tilasta mana: ku yi sallama, ku matso kusa, ku nemi izni, ku jira haske, ku ɗauki ɗaya mai kyau maimakon hamsin. Ku fara da kakanninku tun suna raye. Sannan ku kai a wanke, ku rubuta suna da kwanan wata a baya, ku sa a akwati. Wanda kuma ya gan mu ranar Asabar wajen masu albasa da baƙar kyamara a wuya, ya tsayar da mu mu gaisa, in murfin yana rufe ya tuna mana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani. Sai wata mai zuwa in muna da rai.